Magaryar Umma

Tun da Umma ta dawo Ingila da zama, ni da Yaya muke karɓa-karɓa da ita. Ta yi 'yan watanni a gidansa da ke Aston a Birmingham, ta yi 'yan watanni a wajena a Old Trafford. Ranar miƙa ta kuwa shi ba ya zuwa Manchester, ni ma ba na zuwa Birmingham. Mukan haɗu a tsakiya, cikin duwatsun Peak District, mu ci abinci a gindin mota, mu ɗan miƙe ƙafa, sannan a ciro jakarta daga but ɗinsa a saka a nawa.

Miƙawar watan Oktoba ita na fi so. Ni dai ban taɓa shiri da yanayin ƙasar nan ba, ruwa ba dare ba rana, rana kuma sai ta ga dama. Amma idan ganye ya fara juyawa, nakan yafe mata komai. A shekarar da nake ba da labari na taso daga gida da hantsi, daga ni sai autata mai shekara huɗu a kujerar baya. Da muka bar gari hanya ta shiga lanƙwasa tana hawa, katangar duwatsu hagu da dama, tumaki na kiwo ba makiyayi. Itatuwan kwari kuwa wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro, har sai da na rage gudu na bar na bayana suna ta haƙuri da ni.

Mun tarar su Yaya sun riga mu. Umma ta fito cikin ƙatuwar rigar sanyi a kan atamfa, ta yafa mayafi a sama, ta dubi dajin sama da ƙasa.

"Yanzu ku mai kuka ƙona don ku zo kallon busasshen ganye?" in ji ta. "A gida ai tsintsiya ake ɗauko masa."

Duk da haka ita ta fara kama hanya, riƙe da hannun jikarta. Su biyun nan ban san da wane yare suke hira ba. Ɗaya Hausarta ba ta wuce "zo" da "a'a" ba, ɗaya Turancinta bai wuce gaisuwa ba, amma sai su wuni suna surutu.

Ba a jima ba muka wuce su, ni da Yaya, muna musu a kan gishirin da Umma ke zubawa a miya. Shi likita ne, saboda haka a ganinsa duk hawan jinin da ya same ta a gidana ta ɗauko shi. Musun ya yi daɗi har muka yi nisa ba mu waiwaya ba. Sai ga yarinyar ta sheƙo da gudu.

"Mummy, look! Granny got me sweeties off the tree!"

Ta buɗe tafin hannunta. 'Ya'yan itace ne jajaye ƙanana, wasu a ciccije. Leɓenta duk ɓarɓashinsu.

Na karɓe su daga hannunta. A makarantarsu an sha ja mana kunne a kan jajayen 'ya'yan itacen ƙasar nan, an ce akwai wanda ƙwallonsa kaɗan ya isa ya tsayar da zuciyar yaro. Sunansa na riƙe, kamanninsa ban riƙe ba. Ni akanta ce, lissafi ne aikina, ban san itacen Turai ko ɗaya ba sai dai in ce wannan ya yi kyau.

"Yaya, wane iri ne wannan?"

Ya juya su a hannunsa, na ga fuskarsa ta canza. "Wallahi I don't know. Ni ƙashi nake gyarawa. Nawa ta ci?"

Umma ta iso tana haki, tana murmushi. "Magarya ce mana. Itacen ga ƙaya, 'ya'yan ga ƙwallo a ciki. Sai da na ɗanɗana kafin in ba ta. Ba ta kai ta gida zaƙi ba dai."

"Umma, babu magarya a ƙasar nan! Wasu guba ne, kisa suke yi!"

Murmushin ya ɓace. Matar da ta tashi a ƙauye, inda yaro ke fita daji da safe ya dawo da cikinsa cike da kanya da ɗinya da aduwa, ba ta taɓa jin an ce a ji tsoron ɗan itace ba. Ta dubi yarinyar, ta dube ni.

Wayoyinmu duka babu sabis, kwarin ya haɗiye shi. Motocin kuma suna can nesa. Yaya ya ce shi zai hau tudu ya nemi sabis ya kira layin asibiti, mu kuma mu koma mu karyo reshen itacen da ganyensa, domin abin da za su fara tambaya ke nan.

Na saɓi yarinyar muka juya. A nan ne na tsani jan ganyen nan da na tuƙo mota don in gani. Ko'ina ja, kowane itace kamar ɗan'uwansa, rabinsu da 'ya'ya a jiki. Umma ta tsaya a wannan, ta girgiza kai, ta tsaya a wancan. Ni kuwa ina ta leƙen idon yarinyar, ina tambayarta ko cikinta na ciwo, ita kuma tana neman in sauke ta ta bi wani kurege. Can Umma ta ce, "Ga shi nan." Zaren mayafinta ne maƙale a ƙaya, inda ya kama ta ɗazu.

Na karyo reshe, ƙaya ta soke ni ban ma ji ba.

"Ku hau," in ji Umma. "Ƙafata ba za ta kai can ba. Ina nan."

Ban san yadda na hau tudun nan da yarinya a kafaɗa ba. Na tarar da Yaya a tsaye kan wani dutse, waya a kunne. Matar da ke layin ta shiga jero tambayoyi yana maimaita mini. Ganyen sirara ne kamar allura, kore shar? A'a, mai faɗi ne, mai yatsu, ya ma fara ja. Akwai ƙaya? Akwai, ga jini a hannuna. Ɗan itacen yana da rami a baki, mai yauƙi? A'a, gari-gari ne. Yaya ya buɗe hotuna a waya ya kara reshen kusa, ya duba, ya sake dubawa.

"Hawthorn ne," in ji shi. "Ta ce har jam na shafa wa burodi ake yi da shi. At worst ciwon ciki. Mu dai sa mata ido yau, idan ta yi amai mu kai ta."

Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa na fashe da kuka. Daɗi ne, tsantsar daɗi. Kwarin duka yana shimfiɗe a ƙasanmu, rana ta faɗo a kan itatuwan, ban taɓa ganin wuri mai kyau kamarsa ba. Yarinyar ta shafa kumatuna ta ce yunwa take ji.

Da muka sauko mun sami Umma zaune a gindin itacen, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. A gefen mayafinta ga ƙwallaye an tara, tuli guda, duk an tsotse su tas.

"Umma, waɗannan fa?" in ji Yaya.

"Ci na yi."

"Bayan mun ce miki wataƙila guba ce?"

"Shi ya sa. Na ce bari in ci fiye da nata. Ni tsohuwa ce, in abin zai kama, ni zai fara kamawa, sai ku ga yadda yake yi, ku san abin da za ku gaya wa asibiti." Ta sunkuyar da kai. "Kuma in wani abu ya same ta, da wane ido zan dube ki?"

Na durƙusa gabanta na kama hannunta, sanyi ƙalau.

"Ba komai, Umma. An ce ana ci. Lafiyarta ƙalau, ke ma haka."

Ta jawo yarinyar ta kifa fuskarta a wuyanta, tana ta alhamdulillahi ƙasa-ƙasa. Da ta ɗago sai ta miƙo mana hannaye biyu.

"Ku ɗaga ni," in ji ta. "Tun ɗazu ƙafafun nan suka ƙi."