Kawu Mai Tantance Kurungu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da shida a shagon kifin ado, irin wanda ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo. Aikinsa tantance ƙananan kurungu, masu gashin baki da ƙaya a gadon baya. Yatsunsa duk tabo ne. Matarsa kan ce ya fi sanin kifi a kan 'ya'yansa, shi kuma ya ce ai kifi bai taɓa yi masa rashin kunya ba.

Iri biyu ne ke ruɗa mutane. In suna ƙanana kamar an tsaga kara suke. Ɗaya ba ya wuce tsawon yatsa, a rigingine yake iyo, ba ruwansa da kowa. Ɗayan girma yake yi, ya far wa duk abin da ya tarar a ruwan. Kawu ɗigon ciki yake dubawa da tsagar wutsiya, kallo ɗaya ya raba su.

Da mai shagon ya rasu, ɗansa ya karɓi wurin. Ya kawo sababbin kurungu ya ce a haɗa su wuri ɗaya, ba sai an tantance ba.

Kawu ya ce, "Maigida, rabinsu fa mugayen ne."

"Baba, kurungu kurungu ne. Zuba kawai."

Ya zuba. Har yau bai yafe wa kansa ba.

Bayan wata biyar, da hantsi, wani mai walda ya shigo, bokiti a hannu ɗaya, guntun rodi a ɗayan. Ya juye bokitin a ƙasa. Matattun kifaye ne, wasu ba ido, wasu an yage musu ciki, aikin kurungun da ya saya a shagon. Na 'yarsa ne da ke kwance ba ta iya tashi, su take kallo ta ji sanyi.

"Wa ya ce min wannan ba ya cizo?"

Maigidan ya ja da baya yana nuna Kawu.

Kawu ya ce, "Ni na miƙa maka, ɗan'uwa. Kuma na san mugun ne."

Bugun farko a babban akwati ya sauka, ruwa ya ɓalle kamar an fasa madatsa. Na biyu ya karya wa Kawu kafaɗa, ya kifa da fuska kan fasasshen gilashi. Maigidan ya sunkuci kujera ya rotsa wa mai walda a ka. Suka kama kokawa cikin ruwa da jini, suna taka kifaye, ƙaya na shiga musu tafin ƙafa. Sai da maƙwabta huɗu suka danne mai walda kafin ya saki rodin.

Idon Kawu na hagu bai tsira ba, kuma bai sake taka shagon ba. Mai walda ya yi wata takwas a kurkuku. Da ya fito ya zo ƙofar gida ya durƙusa. Kawu ya leƙo, ya tambaye shi jikin yarinyar, ya ji amsa, sannan ya koma ciki ya tura ƙofa.