Rabin Ƙwayar Magani

Wata rana da hantsi, wani direban tirela ya gama cin tuwo a rumfata, sai ya juya wa mutane baya.

Ni mai abinci ce a bakin babban titi, inda manyan motoci ke yada zango. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a. In namiji ya juya baya a rumfata, na san akwai abin da yake ɓoyewa.

Mu kira shi Tanimu. Ba sunansa ba ne, kuma kar wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. Albasa yake ɗauka daga Arewa zuwa Kudu.

Ina kwashe kwanuka na ga ya ɗora ƙwayar magani a kan benci, ya sa reza ya raba ta biyu.

Ya haɗiye rabi.

Ɗaya rabin ya naɗe a 'yar takarda ya tura aljihu.

Na san ƙwayar nan. Ƙanena shekara tara yana shan irinta, ga shi nan garau, ya fi ni ƙiba, matarsa da 'ya'yansa lafiya lau. Maganin ƙanjamau ne. Guda ɗaya ake sha kullum. Guda cur. Ba goro ba ne da za a gutsura a miƙa wa na kusa.

Na ce, "Tanimu, zo ka kama min tukunya a baya."

Da muka zagaya bai ga tukunya ba, ni ya gani riƙe da ƙugu.

"Rabin da ka sa a aljihu na wa ne?"

Ya ce, "Na Jibo ne, Hajiya."

"Shi Jibon ba shi da ƙafar zuwa asibiti?"

"Ƙafa yana da ita. Garin da zai koma da zama ne ba shi da shi."



Jibo abokinsa ne, shi ma direba, garinsu ɗaya, tare suke jerawa a hanya. Ma'aikatan lafiya sun zo tashar manyan motoci suna gwaji kyauta, aka gwada shi, aka ce yana ɗauke da cutar. Aka ba shi takarda ya kai asibitin garinsu a ɗora shi kan magani.

Ya je kuwa. Har bakin ƙofa.

To amma daidai ƙofar sashen da ake ba da maganin, tsallaken titi, akwai wata majalisa a gindin dalbejiya. Ƙarti ne da gemunsu, wasu har da furfura. Sun san ranar Laraba ake karɓar magani. Ranar Laraba bencinsu ba ya ɗaukar su, har tabarma suke ƙarawa.

Aikinsu kallon mai shiga da mai fita.

Sun ga wani mahauci ya shiga, kafin Juma'a naman teburinsa ya koma na ƙuda. Sun ga wani direba ya shiga, mai motar ya aiko a karɓi makulli. Sun ga wata bazawara ta shiga, ashe ƙanwarta ta rako, har yau ba wanda ya sake sallama da ita.

Jibo ya ɗaga kai ya hango yayan matarsa a kan bencin.

Sai ya tsaya wajen mai lemo, ya sayi lemon da ba ya so, ya juya gida.

Shi Tanimu dama a wani gari yake karɓar nasa, tun kafin ya dawo da iyalinsa garinsu. Shekara shida yana sha, ko mura ba ta cika kama shi ba. Da Jibo ya gaya masa yana kuka, sai ya yi abin da 'yan hanya suka saba.

Ku da ba ku san direbobi ba, bari in gaya muku. Man ɗaya ya ƙare a daji, ɗayan zai zuƙo masa daga tankinsa. Taya ta fashe, a kwance safaya a ba shi. Kwano ɗaya suke sa hannu. A wajensu babban abin kunya ne kana da abu ɗan'uwanka yana kallo.

Shi ne ya ɗauki maganin kamar man gas. Wai a raba, kowa ya kai gari.

Wata takwas suna haka!

Na ce masa, "Kai wane irin wawan kirki ne? Rabin nan ba ya kashe komai, koya wa cutar dambe kake yi. Ranar da ta ƙware, ko kwalba guda ka juye ba za ta ji ba."

Ya ce, "To in zuba masa ido ya mutu?"

Na ce, "Kai ba a wani gari kake karɓar naka ba? Shi me ya hana?"

Ya ce ai takardar Jibo sunan asibitin garinsu aka rubuta a kai, sun ɗauka dole can ne.

Kun ji fa. Ba wanda ya zaunar da mutanen nan minti biyu ya yi musu bayani. An caka masa allura a yatsa, an miƙa masa takarda, an ɗau hoto, an naɗe rumfa an tafi. Su ma masu gwajin ina da magana da su, amma ba yau ba.

Da suka dawo daga Kudu na rufe tukwanena da rana tsaka, na sa mayafi, na tasa su gaba kamar awaki zuwa asibitin garinmu, inda ba wanda ya san kakan kowa.

Jibo aka ɗora shi kan magani. Maganin ya karɓe shi.

Tanimu aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito, likita ta ce cutar ta yi yawa a jikinsa, ga tarin fuka ya shige shi, wanda shi yake ce wa ƙurar hanya. Aka canza masa magani. Sun yi iya yinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba.

Bai kai babbar sallah ba.

Na yi tafiyar awa bakwai na je gaisuwa. Ya bar mata da yara huɗu, ƙaramar ko yaye ba a yi ba.

A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi. Jibo na can gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Na tsuguna muka gaisa, na tambaye shi su wa suka cika sahun gaba haka.

Ya ce, "Su ne, Hajiya. 'Yan gindin dalbejiya."

Sun sha manyan riguna, kowa da carbi. Ana ta "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, ba ruwansa."

Zan shige wajen mata, wani mai jar hula ya matso ya rage murya.

"Hajiya, ke da kike kan hanya kin fi mu sani. Wai da gaske ciwon nan ne?"

Ni ban rage tawa ba.

Na ce, "Malam, ciwon nan shekara shida yana kokawa da shi bai kayar da shi ba. Ku kuka gama da shi a wata takwas, kuna zaune."

Carbi ya tsaya a hannun kowa.



Darasi:

Maganin ƙanjamau ba a raba shi, ba a aro, ba a tsallake rana. In kana ƙaunar abokinka, kama hannunsa ka kai shi asibiti. In na garinku ya gagara, akwai na gaba. Ku tambaya, bakinku ba zai yi ciwo ba.

Ku kuma 'yan zaman ƙofar asibiti, mai shiga can magani ya je nema don ya rayu ya ciyar da 'ya'yansa. Ku me kuka je nema? Duk wanda ya juya gida saboda idonku, ku shirya amsar da za ku ba Allah a kansa. Zaman makoki da babbar riga ba zai wanke ku ba.

Kar ku tsaya rubuta min "Allah sarki" a ƙasa, ba ta da amfani a wajena. Ku tura wa direbobin da kuka sani. Ku tura zauren unguwarku, musamman in kun san akwai mai benci a ciki. In ya ji haushi, da shi nake.