Ƙidayar Masu Agana a Zango

Shekarar agana na sha wuya, kuma ba ciwon ne ya ba ni ita ba, ƙidaya ce. Likitan Nasara ya ce yana son ya san mutum nawa suka kwanta a Zango, nawa aka kai kushewa. Mai unguwa ya dubi jama'a ya nuna ni, don ni baduku ne, kowa ya san ni, kuma ba ni da mai tsaya mini.

Ban iya rubutu ba. Tsakuwa nake sawa a aljihu, dama ta masu kwance, hagu ta waɗanda aka binne. Da la'asar in juye wa tafintan likita, shi ya rubuta.

To, namiji ba ya wuce zaure. Sai in yi sallama, maigida ya fito.

"Malam, akwai mai zazzaɓi a ciki?"

"Lafiya lau muke. Kai ne dai na ga ka rame. Aikin Nasara bai karɓe ka ba?"

Ina jin nishi ta bayan katanga, shi kuwa ya tsare ni da ido. Ban ga laifinsa ba. Wa ya taɓa ƙirga 'ya'yan mutum don alheri? Wasu suka ce lanho, wato haraji, za a ƙara, wasu suka ce aikin dole. Abin da na gani da idona, gidan da aka rubuta, sojojin Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, na zuwa su ɗauke marar lafiya zuwa rumfunan bayan gari, su ƙone tabarmarsa. Uwa ma ba a barinta ta bi.

Ran nan 'yata mai shekara shida ta tashi da ƙuraje. Na sa uwarta ta kwantar da ita a ɗakin fatu. Ban ƙara tsakuwa ba.

Tafinta ya dubi abin da na juye, ya yi murmushi.

"Baduku, layinku kaɗai Allah ya tsare? Jibi likita zai zo da wata tsohuwa mai shiga ɗaki ɗaki. Da gidanka za a fara."

Wa ya kai maganar? Maƙwabcin da na sa aka rubuta ɗansa ne, ko mai kawo mana ruwa? Ita kanta matata sai da na yi mata kallon tuhuma.

Washegari da sassafe na ari jaki, na lulluɓe yarinyar a cikin mangala, na kama hanyar Tirmini wurin gwaggona. Sojan da ke bakin hanya ya tambaye ni ina za ni, na ce fata zan sayo.