Gonar Talatu da Darasin Mushe Wada

Mushe Wada, kamar yadda muke kiran malamin boko a nan, bai taɓa riƙe hauya a garinmu ba, amma shi ake ɗora wa laifin raba Talatu da gonarta. Shekara shida ina koyar da lissafi a ajin da ke jikin nasa, zana kaɗai ke tsakaninmu, don haka na san yadda aka yi.

Ɗan Tasawa ne, ubansa tela a bakin kasuwa. Aka turo shi kwalejin ƙauyenmu, can wajen Kanan-Bakashe, ya koyar da tarihi. Siriri ne, ga taurin kai. Ba abin da ke ƙona masa rai irin ya ga yara tamanin sun zauna kamar buhunan gero, yana faɗa suna kwafa. Yakan ce mini, "Rabi'u, sun haddace yaƙe-yaƙen Turai, amma ka tambaye su wa ya gina rijiyar da suke sha, sai zare ido." In ce masa ya koyar da abin da ke littafi ya huta. Ina! Wada ba ya jin magana.

Da wata ƙungiya ta kawo wa lakwal, wato makarantarmu, tablet shida masu ɗaukar murya da faranti ɗaya na hasken rana, dirakta ya so ya kulle su kar su lalace. Wada ya nace har aka ba shi. Ya kasa ajinsa gurup shida, kowanne da tablet guda. Su je wurin tsofaffi su ɗauko muryarsu, ranar Alhamis a kunna a lasifika, aji ya tattauna. Wallahi abin ya yi kyau, har kishi na ji. Ta zana nake jiyo yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suna gardama a kan shekarar yunwa.

Sumaiya, ɗiyar Talatu, ita ke jan gurup na uku. Ubanta ya rasu, gona ɗaya ta hanyar rijiya ke ciyar da su, su biyar. Aikinsu shi ne yadda aka kafa gari, sai suka nufi Baba Salifu, makahon tsohon da ya haura casa'in.

To, nan ne Wada ya taka abin da bai sani ba. Garin nan cike yake da gonakin aro tun zamanin kakanni. Baƙo ya zo, a yanka masa fili ya noma, yana kai dami ɗaya bayan girbi. Shekaru su ja, dami ya daina zuwa, tsofaffin da suka sani su kama bakinsu don a zauna lafiya. Ba a faɗar wannan a taro. Baba Salifu kuwa ya ɗauka hira yake da jikoki a zaure, bai ga abin da aka ajiye a gabansa ba. Shi kuma Wada bai saurara ba kafin Alhamis, wai yana tattalin caji.

Aka kunna. Tsoho ya faɗa dalla-dalla cewa gonar hanyar rijiya ta gidan Ɗan Azumi ce, kakan Sumaiya aro aka ba shi. A ajin akwai yara uku daga gidan. Kafin la'asar muryar ta shiga salula, kafin ranar kasuwa ta kai ga Abdul Razak, babban jikan Ɗan Azumi. Shi kuwa ya ce a mayar musu da gonarsu. Ba na zaginsa. Su tara ne a kan ɗan filin da ko wata huɗu ba ya kai su.

Wada ya je har gidan Talatu ya durƙusa, ya ce zai goge. Ya goge me? Abin da ke cikin waya hamsin?

Aka zauna gaban mai gari, ni ma ina wurin. Talatu ba takarda, ba shaida. Mai gari ya ce a kunna tun daga farko. Sai ga muryar Sumaiya tar, cike da murna: "Baba, gonar da muke nomawa fa, wa ya fara share ta?" Sunan kakanta take jiran ji. Talatu ta juya ta dubi ɗiyarta. Ni dai tunda nake ban taɓa jin tausayi irin na ranar ba.

Aka ce ta saki gonar kafin ruwan shuka. Ta tattara yara za ta Maradi wurin yayanta.

Wada yana nan har yau. Tablet ɗin ya mayar wa dirakta da hannunsa, ya koma faɗa suna kwafa, kuma ajinsa shiru yake har in manta da mutum a ciki.

Safiyar tafiyar su Talatu, mota na jira a bakin hanya, Sumaiya ta shigo lakwal ba kayan makaranta a jikinta. Ta durƙusa ta miƙa masa shafi huɗu, rubutu tsaf, ba ko gogewa.

"Mushe, ga rahoton gurup ɗinmu. Yau ka ce a kawo."

Ya karɓa. Ya roƙe ta ta yafe masa.

Ta ce, "Ai ba kai ka tambaya ba, Mushe. Ni ce."