Mutanena Na Bin Sawu

A lokacin ni matashi ne mai tura wa mutane fina-finai a waya, a wata 'yar rumfa a Bukan Sidi, cikin Lafiya. Zaman ya fi aikin yawa, sai kallo ya cinye ni, musamman wani zanen Japan, irin wanda ake kira anime. Jarumin yaro ne mai wasan cewa shi shugaban wasu dakarun ɓoye ne. Yakan ƙirƙiro maƙiya daga kansa, ya shara ƙarya, sai duniyarsu ta mayar da ita gaskiya, shi kuwa bai ma sani ba. Na sha yi wa abokai fashin baƙi, wai sirrinsa shi ne ba ya fita daga wasan ko da shi kaɗai ne. Daga sharhi na zarce kwaikwayo. Na rage magana, nakan kara waya a kunne babu kowa a layi, in ce a ci gaba da sa ido.

Abokai dariya suke yi, ban da ɗan ƙanwar mahaifiyata. Daga rugarsu ta wajen Doma ya zo, ya sayar da saniyarsa ya sayi babur yana okada. Ranar da aka sace babur ɗin a bakin kasuwa, wurina ya fara zuwa yana haki, ya ce ni Yayansa ne kaɗai zan iya nemo shi. Da na ce masa wasa ne, da ya wuce wurin shugabannin 'yan okada, masu baza cigiya tun ɓarawo bai bar gari ba. Amma idon jama'a na kaina. Na ce kada ya gaya musu, mutanena na bin sawu. Wallahi har cikin raina na sa ran hakan zai tabbata. Daga baya wani ɗan okada ya ce a ranar ya ga an bi hanyar Obi da babur ɗin, da ya ji cigiya da ya tare.

Abin da ya kuɓuce mini duk da sharhina shi ne, jarumin nan akwai marubuci a bayansa mai lanƙwasa masa duniya. Ni babu. Don Allah masu irin wannan kallo, ku lura da wanda ba ya dariya in kuna wasa. Ƙanena yanzu baro yake turawa. Na cire kunya na gaya masa gaskiya, ya ce ya gane, irin aikinmu ba a faɗa. Har yau in mun gaisa, yakan rage murya ya tambaye ni ko mutanen sun ce wani abu.