Duniyar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Wani azumi da ya faɗo a bazara, ina zauren gidanmu a Gyadi-Gyadi ina ta masifar zafi, sai maƙwabcinmu, malamin kimiyya ɗan Filato, ya miƙo mini wayarsa. Wai an gano wata ƙatuwar duniya tana zagaya wani tauraro can nesa. Zafinta ƙarfe yake narkarwa, kuma a ɓangarenta guda rana ba ta faɗuwa.

Na ce, "Malam, kwata-kwata?"

Ya ce, "Har abada."

Na shiga na gaya wa Inna. Ta saki ludayin kunu tana salati.

"To, su yaushe suke shan ruwa?"

Na ce babu kowa a can.

Ta ce, "Ai dole!" Sannan ta leƙa tsakar gida, ta tabbatar inuwarmu tana tafiya.