Cukun Inna a kan fano

Maƙwabta cike da zaure, na buɗe firigo da taƙama, sai na tarar ruwa ɗumi kamar na wanka!

Lokacin tawaye ne, hanyar Agadez sai da rakiyar soja. A haka na kawo fanon hasken rana na kafa a kan tsohon gidanmu na laka a Arlit, har da akwatin da ke kashe firigo da kansa in batiri ya yi ƙasa. Na cika unguwa da baki, na gayyato kowa shan ruwan sanyi.

Na haura rufi, sai ga cukun da aka aiko wa mahaifiyata daga Dannet an jere shi reras, ya rufe fanon kaf.

"Haba Inna! Nan fa kuran na lantarki ke shiga!"

"To ya shiga mana, na tare ƙofa ne? Ga zafi, ga tsabta, akuya ba ta kaiwa. Yau ka sayi abin kirki."

Shayi muka sha da cuku, ana ta yi mini dariya. Washegari matan unguwa suka aiko tambayar inda ake samun mashanya irin ta Inna.

Ku kuma, wane aiki tsofaffinku suka ba kayan zamani?